Ruwan Sadaka a Bayan Ɗakin Batriƙ

Unguwar Mahjar,
Jidda.

Zuwa ga Goggona, Hajiya Rahma, a Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta ladabi da durƙuso irin na 'ya a gaban uwa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwo a gidanki. Yaya ƙafar nan taki? An ce mini kin ajiye maganin tun ranar da kika ji ɗan sauƙi, kuma na yarda da mai maganar, don na san halinki. Allah ya ƙara afuwa, ya ja kwana, ya bar mana ke. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da Inna a gidan rahama, da duk waɗanda suka riga mu.

Mu nan lafiya lau muke, alhamdulillahi. Maigida, Baban Saif, yana nan yana fama da tuƙi tsakanin Jidda da Makka, baya ya fara damunsa amma ba ya jin magana. Saif ya yi tsawo har ya wuce ni, ya kuma fara ɗaga mini murya, na ce masa tsawon ne kawai ya zo, hankalin yana hanya. Rim kuwa in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da Larabci, tana jin komai sarai, bakin ne ya ƙi. Wafa', matar ɗanki, ƙanena Nuraddeen, cikinta ya tsufa sosai, haihuwa yau ko gobe, ki sa ta a addu'a. An yi mana ruwan sama a farkon sanyin nan, lungunmu ya cika ya kwana a cike, sauro kuma ya samu gari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar da zan yi ba ta waya ba ce. Na san yadda kike sauraron saƙon murya, a tsakar gida, da ƙara, kowa na ji, gobe kuma a ce an tura wa wance bisa kuskure. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna na ba Alhaji Zaharadden da ya zo umra. Na liƙe bakin ambulan da kaina, ki duba da kyau ko an taɓa kafin ki buɗe. Ba wai ina zarginsa ba ne, mutumin kirki ne, amma yana da mata mai son jin labari. A ciki za ki ga wani ɗan ƙyalle, ki ajiye shi a gefe tukuna, zan zo kansa.

Kin san aikin Nuraddeen, ko in ce kin san abin da yake gaya miki, wai yana kula da tsuntsaye a wani gidan kallo da ke bakin teku, arewa da gari. To, Goggo, ba irin tsuntsayen da kika sani ba ne. Larabawa suna ce musu batriƙ, Turawa kuma fengwin. Tsayinsu da kaɗan ya wuce gwiwar mutum, bayansu baƙi, ƙirjinsu fari, a tsaye suke tafiya suna rangaji kamar tsohuwar da ta ɗauko bokiti biyu. Ba sa tashi sama ko kaɗan, fukafukan nasu na ninƙaya ne. Daga wata ƙasa mai nisa aka ɗauko su a jirgi, aka gina musu ɗaki mai sanyi da tafki a ciki, da ɗan fili na waje da ake buɗe musu idan zafi ya sauka. Su ci kifi, su yi wanka, jama'a su zo su kalle su. Nuraddeen ne ke ba su abinci da hannunsa, kuma wallahi ya sa su a rai fiye da yadda ya kamata. Kowanne ya raɗa masa suna. Akwai wanda yake kira Liman, don kullum shi ne a gaba sauran suna bayansa, akwai wata ƙatuwa mai ƙwacen kifi da ya sa wa Hajjaju. In ya zo gidana yana ƙarnin kifi, ba shi da hira sai tasu, har nakan ce masa ya bari a haifi nasa ɗan tukuna kafin ya ishe mu da 'ya'yan riƙo.

Bayan ruwan nan ne abin ya fara. Wata safiya aka tarar da ɗaya a kife a bakin tafki, alhali jiya lafiyarsa ƙalau, ya ci ya yi iyo. Ba a gama jimamin wannan ba sai wasu suka fara ware kansu gefe, su ƙi kifi, in an matsa musu su amayar, numfashi yana yi musu wuya. Wani ya yi kwanaki yana fama, wani kuwa ko alama ba ya nunawa sai dai a ɗauke shi. Liman a hannun Nuraddeen ya cika. Ranar ya zo gidana ya zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, na zuba masa shinkafa ya tura ta gefe. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ni tun a lokacin raina ya ba ni cewa da hannun mutum a ciki. Tsuntsun da ake lallaɓawa haka, ga sanyi, ga likita, ba zai riƙa faɗuwa haka kawai ba.

Wanda na fara ɗora wa ido shi ne Hatim, shugaban sashensu. Ban taɓa yarda da mutumin nan ba. Ya zo walimar auren Nuraddeen ya ci ya ƙoshi, ya yi ta yabon yaron a gaban mutane har abin ya yi yawa, kuma na ji daga baya cewa yana da ƙanin mata da ke zaune ba aiki. Na haɗa wannan da wancan na ce shi ke nan, an sa wa tsuntsaye wani abu a kifi don a kori namu a kawo nasu. Baban Saif ya ce in ji tsoron Allah, na ce ina ji, shi ya sa ban faɗa wa kowa ba sai shi. Har takanas na ɗauki Rim muka je wurin kamar 'yan kallo, na tsaya jikin gilashi ina bin hannun Hatim da ido lokacin da ake raba kifi. Ban ga komai ba, sai dai ya hango ni ya ɗaga mini hannu yana murmushi, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Da na rasa madafa a kansa sai na koma kan mai kawo kifin, na ce ruɓaɓɓe yake haɗawa da mai kyau. Na kuma zargi bakin 'yan kallo, don na tsaya a wurin na ji da kunnena, mutum ɗari su ce kai, wane irin kyau, babu mai cewa masha Allah. Na yi tofi a ruwa na ba Nuraddeen ya yayyafa a ɗakin. Da can da dariya zai yi mini, ya ce Yaya ta fara. Ranar kuwa ya kalli robar ruwan ya daɗe, ya karɓa ba dariya. Na lura da wannan, amma ban san inda zan ajiye shi ba.

Sai likitar wurin, wata Dakta Maha, ta buɗe waɗanda suka mutu, ta ɗebi jinin masu rai aka auna. Ta ce ta tarar da saifa da hanta sun kumbura, kuma cutar ita ce zazzaɓin cizon sauro. Goggo, da aka gaya mini sai da na tafa hannu. Mu za a gaya wa maleriya? A cikinta aka haife mu, a cikinta muka girma, a jiƙa mana ganyen darbejiya mu sha mu tashi. Yaushe aka fara cewa tsuntsu yana zazzaɓi? Kajin Baba a waje suke kwana damina da rani, ban taɓa ganin wadda aka lulluɓa da bargo ba. Na ce wannan rufa-rufa ce, an ga abin zai taɓa wani babba shi ne aka ɗora wa sauro, tunda shi ba ya da iƙama, takardar izinin zama, balle a kore shi.

Wafa' ce ta sauke ni daga wannan dokin. Ita tsoro ya kama ta saboda cikinta, ta sa mijin ya kai ta ta ga likitar ido da ido, ta dawo ta zaunar da ni tana yi mini bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Ta ce cutar tsuntsaye daban take da tamu, ba ta kama mutum, kada mu damu. Tsuntsayen gari, irin su hankaka da gwara, da yawansu suna ɗauke da ita a jini ba ta yi musu komai, don sun gaje ta kaka da kakanni. Sauro ya ciji ɗayansu, ya tashi ya ciji batriƙ, shi ke nan ya zuba masa. Su kuwa batriƙ daga gaɓar teku mai iska suka fito, inda sauro bai cika zama ba, jikinsu bai san cutar ba sam, shi ya sa take kayar da su farat ɗaya. Ta ce yanzu ana cusa musu ƙwayar magani a cikin kifi, an rufe filin waje, an sa raga a tagogi da manyan fankoki. Na saurara, na ga maganar ta hau. Ba daɗi na ji ba, don na riga na gama shari'ar Hatim a raina, kuma har gobe ban ce na yarda da shi ba.

Daga nan likitar ta sa aka bi wurin lungu-lungu ana neman inda sauron ke haihuwa. A bayan ɗakin tsuntsayen, cikin inuwar shuke-shuke, daidai ƙarƙashin tagar da iska ke shiga, aka tarar da galan-galan na man girki, an kwantar da su an yanke gefe ɗaya an mai da su kwatarnin ruwa. Ruwan ya yi kore, tsutsar sauro tana ta wutsil-wutsil a ciki, ga kashin tsuntsayen gari ko'ina a kewaye. Wato an tara masu cutar, an tara mai ɗaukarta, an ajiye su a bakin tagar marasa ƙarfi. Da na ji haka na ce to, ashe ban yi ƙarya ba, da hannun mutum. Saura a san hannun wa.

Ba a wahala ba aka nuna Baba Usuman. Ba ki san shi ba. Dattijo ne Bahaushen Sudan, shi ke ba shuke-shuken wurin ruwa, kuma maƙwabcinmu ne a nan Mahjar, lungu biyu tsakaninmu. Shi ke riƙe da tiyo a bayan ɗakin nan, kuma kowa ya san shi da marmasa wa tsuntsaye ragowar burodinsa. Aka tambaye shi ko yana zuba ruwa a galan ɗin, ya ce yana ƙarawa in ya ga ya ja baya. Aka tambaye shi ko shi ya ajiye su, ya ce shi abin da hannunsa ya yi ya faɗa, ba shi da ƙari. Shi ke nan, aka dakatar da shi. Aka ce kafilinsu, wato mai wurin da iƙamarsu ke hannunsa, ya yi tafiya, da ya dawo zai sa hannu a yi wa tsohon fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Goggo, fita zuwa ina? Gidansa a garin Madani na Sudan yaƙi ya cinye, 'yan uwansa sun watse, wasu ma bai san ko suna raye ba. Shi da matarsa Zakiya nan suka tsufa, ba su da wani wuri a duniya sai ɗakin hayar nan.

Ni ma da farko na ce ai ga shi nan, tsufa ne da taurin kai, ya jawo wa kansa ya kusa jawo wa namu. Duk da haka maƙwabtaka ta sa na dafa ɗan abinci na je yi musu jaje da hantsi. Ina shiga soro sai na yi tuntuɓe da galan ɗin. Ashe ranar da aka dakatar da shi an ce ya kwashe tarkacensa, shi kuma ya kwaso har da su ya jibge a nan. Na sunkuya in gyara su, sai idona ya faɗa kan hannun na sama. Goggo, yanzu ki ɗauko ƙyallen nan ki duba. Kin gane shi? Atamfar da kika aiko mini ce shekarar da na haifi Rim, mai ganyen kuka ruwan goro. Da ta tsufa na yayyage gefenta ina ɗaura wa galan ɗina a hannu. A Mahjar kowace mace tana da alamarta, don in ruwa ya ɗauke aka yi layi a wurin tanka, galan yakan ɓace a tafi da shi. Na juya na biyu, ga ƙyallena. Na uku ma haka. Ƙullin ma nawa ne, irin wanda kika koya mini na bakin zani. Na tsuguna a soron mutane ina kallon ƙyallen.

Nan take na tuna. Bayan rasuwar Baba, da muka kasa zuwa jana'iza, Nuraddeen ya zo ya ce in ba shi tsofaffin galan, wai ana bukata a wurin aiki. Na ba shi ina mita, don ni galan ba abin kyauta ba ne. Na kuma tuna ranar da kika kira mu gaisuwa, muna zaune mu biyu waya a tsakiya. Kin ce masa tunda Allah bai nufa ya ɗauki gawar mahaifinsa ba, to ya riƙe abu ɗaya da Baba bai taɓa fasawa ba, ya riƙa ajiye wa tsuntsaye ruwa a duk inda yake, ladan ya je wa mamaci. Kin ce kada ya gaya wa kowa, sadakar ɓoye ta fi. Ya ce ya ɗauka. Ni na manta da maganar, shi ashe bai manta ba.

Ba laifinki nake gani ba, wallahi, abin alheri kika ce. Amma akwai abin da ke da ni muka sani wanda shi bai sani ba, don yana ƙarami aka kawo shi nan wurina. Kin tuna kaskon Baba na gindin darbejiya? Kullum da safe sai ya tuntsurar da ruwan jiya a gindin bishiyar, ya dirje kaskon da tsumma, sannan ya zuba sabo. Nuraddeen kaskon kawai ya tuna, bai tuna tuntsurarwar ba. Shi a Mahjar ya tashi, a hannuna, kuma a Mahjar ba a zubar da ruwa. Na wanke-wanke a yi shara da shi, na wanki a zuba a banɗaki, wanda ya kwana a ƙara masa wani a kai. Yaron da ya sha duka a kan kofi ɗaya da ya kifar, yaya za a yi ya ɗauki ruwan da ya yi wa ubansa sadaka ya malalar a ƙasa? Sai ya riƙa ƙarawa a kai, wata da watanni.

Na shiga ciki na tarar da Baba Usuman a kan darduma, Zakiya tana ɗaure kwanuka a buhu tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce masa na ga galan ɗin, kuma na san masu su. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun ranar farko ya ga yaron yana ajiye su, ya ga bakinsa yana motsi, ya gane abin da ake yi, don shi ma ya binne uba daga nesa. Ya ce shi ya sa in ya zo wucewa da tiyo yakan ƙara. Na ce to don me bai faɗa ba da aka tambaye shi. Ya ce shi ya ci zamaninsa, yaron kuwa yanzu zai fara, ga mace da ciki, kuma bai ga yadda zai buɗe baki ya tona mai yi wa mahaifinsa sadaka ba. Kallon da Zakiya ta yi mini har yanzu yana bina. Ashe ita ma ta sani, kuma kullum muna gaisawa a layin ruwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira Nuraddeen cin abinci, na kori yara waje. Na ajiye masa faranti, na ajiye ƙyallen a gefensa. Yana gani ya sha jinin jikinsa. Ya fara kame-kame, wai Jidda cike take da sauro tun da aka yi ruwa, wa ya san wanda ya ciji Liman daga ina ya taso. Na ce wannan gaskiya ne, ko likitar ba ta ce ta sani ba, amma ba a kan sauro za a kori Baba Usuman ba, a kan galan ne, galan kuwa nawa ne. Ya ce shi bai roƙi tsohon ya rufa masa asiri ba. Na ce amma ya ga ana rufawa ya gyara kwanciya. Sai ya kawo zancenki, wai ke kika ce kada ya faɗa wa kowa, amana ce. Nan raina ya ɓaci na ɗaga murya, na ce kada ya kuskura ya shiga bayan Goggo ya ɓuya, ɓoye lada aka ce masa, ba ɓoye ɓarna ba. Daga nan ya fashe da kuka irin wanda ban gani ba tun yana yaro. Ya ce ya ga ruwan ya yi kore, ya ga abin da ke motsi a ciki, bai kawo komai a ransa ba. Ya ce tun ranar da likitar ta ambaci sauro ya gane, ya je zai kwashe su ya tarar an riga shi. Ya ce shi ya kashe Liman da hannunsa, kuma in ya yi magana iƙamarsa ta tafi, ta Wafa' ta bi, jaririn ya zo duniya ba takarda. Na rungume shi muka yi kukan tare, don ni na goya shi, ba zan iya ganinsa haka ba. Amma da ya tashi tafiya abin da ya ce mini kawai shi ne zai yi tunani, kuma tun ranar yake guduna.

Yanzu ki yafe mini abin da zan faɗa, don har ke raina bai bari ba. Wafa' ta ce kwanan nan yana yawan kiranki, kuma in zai kira sai ya fita waje. Ni ma da muka yi waya ta ƙarshe kin tambaye ni yaya tsuntsayen yaron nan, ke da ba ki taɓa tambayar su ba, da na ce da sauƙi kuma kika yi saurin sauya zance. Goggo, ya gaya miki ne? In ya gaya miki, me kika ce masa? Ina tsoron kada son da kike yi masa ya sa kin ce ya yi shiru Allah zai kawo mafita. In kuma zargina ne kawai ya yi yawa, kamar yadda Baban Saif ke cewa, to na durƙusa, ki yafe.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ki kira shi ki ce ya je ya faɗa da bakinsa kafin kafilin nan ya dawo. Ni ya raina ni, yana ganin Yaya ce mai faɗa, gobe za ta huce. Ke kuwa bai taɓa tsallake maganarki ba, ga shi ma abin da riƙe ta ya jawo. Kada ki yi masa faɗa, ya sha isasshe. Ba kuma a tsakiyar titi za mu bar shi ba. Baban Saif ya fara tuntuɓar inda yake aiki ko za su karɓi iƙamar Nuraddeen ta koma hannunsu, ko da wankin mota ne. Ni kuma na kwashe kayan ɗakin Saif, don Wafa' ta zo ta haihu a wurina. An ce likitar ta faɗa a gaban ma'aikata cewa wanda ya ajiye ruwan nan rashin sani ne ba mugunta ba, kuma za ta faɗi haka a gaban mai wurin. Ban san ko za ta cika ba, ban san ko zai saurara ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Yana iya rasa komai, na sani, kuma tunanin haka yana hana ni cin abinci.

Amma ki ji wannan da kyau, don kada ki ce ban gaya miki ba. In kafilin ya dawo Nuraddeen bai yi magana ba, zan ɗauki ragowar atamfar nan in je wurin likitar da kaina, in shimfiɗa mata ita kusa da galan ɗin ta ga inda aka yaga. Zai tsane ni, wataƙila ke ma ki yi fushi da ni. Na fi son haka da a tura tsoho da tsohuwa cikin yaƙi a kan sadakar da aka yi da sunan Baba. Ke kin fi ni sanin ɗan'uwanki, kin san ba zai karɓi ladan da aka biya da mutanen nan ba.

Ki gaishe mini da Kawu Ubale, ki ce ina nan ina neman masa man zafin da ya ce. Ki gaida Shahad da mijinta da yaran, da Mu'azu in ya zo daga makaranta, da duk mutanen gidan Baba, babba da yaro. Baban Saif yana gaishe ki da girmamawa, Saif da Rim suna miƙo gaisuwa. Wafa' ma tana gaishe ki, ba ta san komai ba tukuna, kada ki taɓa mata zancen.

Akwai kuma gaisuwa ɗaya da aka ba ni amana. Da na je jiya na ce wa Baba Usuman zan rubuto gida, ya ce in gaida 'yar'uwar mamacin, in yi mata ta'aziyya ko da ta makara. Ya ce in gaya miki duk lokacin da ya ƙara ruwan nan sai ya yi wa mai shi addu'a, sai dai bai san sunansa ba, yana cewa ne uban yaron nan. Ya roƙe ni in faɗa masa sunan, wai don ya riƙa ambatonsa daidai a duk inda aka kai shi. Na faɗa masa, Goggo, ya maimaita sau biyu don kada ya manta, Zakiya kuma tana gefe tana ci gaba da ɗaure kaya.

Allah ya sa mu ji alheri. Ina jiran wayarki ta shiga wurinsa, ba wurina ba.

Taki 'yar da kika raina,
Mastura.